Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan zama a Tailan

Salam. Malam na ga tambayarka tun shekaranjiya, cewa kana shirin zuwa Bankok harkar duwatsu masu daraja kuma kana son sanin yadda zama da mutanen ƙasar yake, abinci, sallah, da yadda suke kallon baƙar fata. Ni shekarata ta bakwai kenan a nan, tsakanin Bankok da Chanthaburi, garin kasuwar duwatsun, nake yawo, to bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Abu na farko da zan ce ka bari a filin jirgi shi ne ɗaga murya. Wallahi da gaske nake. Mu ka san yadda muke ciniki, a yi hayaniya a yi rantsuwa, ka tashi kamar za ka tafi a jawo rigarka, ƙarshe a yi dariya a sha shayi. To nan ba haka ba ne. Watana na biyu na shiga da wasu duwatsu wajen wani dillali, ya taya ni da kuɗin da ko na jirgi ba su kai ba, ni kuwa na buga tebur na ce haba wannan ai raini ne. Mutumin bai ce uffan ba, murmushi kawai ya yi ya naɗe min kayana a takarda ya miƙo min da hannu biyu. Na ɗauka gobe za mu ci gaba. Ina! Daga ranar ko na shiga sai yaronsa ya ce maigida baya nan, alhali ga shi can ina hango ƙeyarsa. Sai daga baya wani ɗan Mali da ya daɗe a nan ya ce min na zubar masa da mutunci gaban yaransa, kuma su wannan ba a gyara shi da ban haƙuri ɗaya. Suna da wata magana, jai yen yen, wato sanyaya zuciya, ita za ka yi ta ji. Murmushinsu kuma kala-kala ne, akwai na murna akwai na kunya akwai na "ka ishe ni", sai ka zauna da su kafin ka iya bambancewa.

Amma abin da ya ban mamaki, akwai inda suke kama da mu sosai. Suna da abin da suke kira kreng jai, ni dai da na fahimce shi sai na ga ai kara ce irin tamu, mutum ya ƙi faɗa maka a'a kai tsaye don kar ya ɓata maka. Idan ɗan Tailan ya ce maka "zan duba", sau da yawa ya gama ƙi kenan. Girmama na gaba ma haka, wanda ya girme ka phi za ka ce masa, ƙarami nong, kamar dai yaya da ƙane, shi ya sa daga haɗuwa za su tambaye ka shekarunka, ba rashin kunya ba ne, so suke su san wa zai fara gaida wani. Gaisuwar ita ce haɗa tafin hannu a ƙirji da ɗan sunkuyar da kai. Musulminsu dai sallama suke yi da musabaha kamar kowa.

Ƙafa da kai kuma a kiyaye. Kar ka shafa kan mutum ko da wasa, kar ka nuna abu da ƙafa, takalmi a cire a ƙofar gida har wasu shaguna. Kuɗinsu baht akwai hoton sarki a jiki, in ya faɗi iska za ta ɗauke kar ka taka shi da ƙafa ka tsayar. Maganar gidan sarauta kuwa ka rufe bakinka gaba ɗaya, har a Facebook, akwai sashe na 112 na dokarsu, ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne kuma ba ruwansu da kai baƙo ne. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa, za ka ga kowa ya tsaya cak, kai ma ka tsaya.

Abinci shi ne ya fi wahalar da ni farko. Alade ko'ina, har a romon da za ka rantse na kaza ne. Kalmar da na fara haddacewa ita ce mu, alade kenan, mai sai mu kuma kar a sa alade, amma gaskiya ko an cire maka tukunya ɗaya ce, gara ka nemi mai abinci Musulma. Ba su da wuyar ganewa, mata ne da hijabi, kan keken abincin akwai wata da tauraro ko tambarin halal. Ka nemi khao mok kai, shinkafa ce rawaya da kaza kamar biryani, ita ta riƙe ni wata shida. A shagunan 7-Eleven ma, wanda kusan kowane lungu akwai, ka juya bayan leda ka duba tambarin. Yaji kuwa, mu da muke taƙama da yaji, som tam ɗinsu, wato kwaɗon ɗanyar gwanda, sai da ya sa ni hawaye gaban jama'a. In kewar gida ta taso akwai gidajen abincin Larabawa da na 'yan Afirka a Nana wajen Sukhumvit Soi 3, sai dai tsada, kuma unguwar da daddare ba ta mutumin kirki ba ce, ci ka kama gabanka.

Sallah ba matsala. Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 ne, sun fi yawa a kudu irin su Pattani, Yala da Narathiwat, amma Bankok ma cike take da masallatai. Ni Juma'a a masallacin Haroon nake yi a Bang Rak, cikin wani ɗan lungu kusa da titin Charoen Krung, a nan za ka haɗu da 'yan duwatsu na Gini da Mali da namu. Azumi in ya faɗo watan Afrilu ne ake jin jiki, zafin nan mai gumi ne ba irin namu busasshe ba, ka yi wanka kana fitowa ka jiƙe. Kuma 13 zuwa 15 ga Afrilu bikin Songkran ne, watsa ruwa ake yi wa kowa a titi, wayarka da fasfonka a leda ko ka zauna a gida.

Yanzu batun baƙar fata, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai kallo, akwai mai tasi da zai wuce ka ya ɗauki Bature a gaba, na taɓa zuwa neman ɗaki an ce min ya cika alhali ga allon haya a rataye. 'Yan sanda ma suna tare mu su nemi fasfo fiye da wasu, musamman da an ji Najeriya, kuma wani ɓangaren laifin wasu 'yan'uwanmu ne da suka ɓata suna da harkar ƙwaya. Maganinsa takardunka su zama tsaf. In kana zaman dogon biza duk kwana 90 sai ka kai rahoton inda kake zaune, mai gidan haya kuma ya cike maka TM30, takardar sanar da hukumar shige da fice cewa a gidansa kake, ka matsa masa don wasu mantawa suke. Wuce wa'adin biza tarar baht 500 ce kowace rana har ta kai 20,000, in kuwa kama ka aka yi to tsarewa ce da kora. Kwanan wata ma ka lura, shekararsu ta Buda ce, ana ƙara 543 a kan tamu, 2025 ita ce 2568, kar ka ga takarda ka rikice.

Amma a unguwa da sun saba da kai shi kenan. Tsohuwar da ke sayar da ayaba a bakin layinmu shekara guda ba ta amsa min da kyau, ranar da na ce mata aroi mak, wato da daɗi sosai, ta yi ta dariya har da kiran maƙwabta su zo su ji. Yarensu na karin murya ne kamar Hausa, kalmar "ma" kaɗai tana iya zama zo, ko doki, ko kare, mu kunnenmu ya fi na Turawa saurin kamawa. Yanzu in na yi tafiya Chanthaburi kasuwar Juma'a zuwa Lahadi tsohuwar nan ce ke karɓar min saƙo. Duk da haka har gobe in na wuce sai in ji ta ce wa jikanta ga baƙon nan ya dawo.

In ka sa ranar tahowa ka yi min magana ta inbox, kuma don Allah ka taho min da daddawa da kuka.