Amsa: Ma'anar kalmar plummet

Malam, ka tambayi me ake nufi da kalmar Turancin nan plummet, to faɗuwa ce ta rikitowa daga sama da sauri, tim, babu birki. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, su kuma daga Latin suka samo, plumbum, wato dalma. Ka san guntun ƙarfen nan da magini ke ɗaurawa a zare ya sake shi don ya duba ko bango ya miƙe? To shi ake kira haka tun farko, don da dalma ake yin sa a da, yadda yake zurarawa ƙasa ɗin nan ne ya zama aikatau. Saboda plumbum ɗin nan ne ma a kemistiri alamar dalma Pb ce. Yanzu an fi jin plummet a labarai, in farashin mai ya karye warwas ko jirgi ya rikito. Amma in kofi ya suɓuce maka kar ka ce plummet, za a yi maka dariya wallahi.