Littattafan likitanci na kyauta: a saya ko a sauke?

Tambaya: 'Yata ta samu gurbi a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Ta kawo mini jerin littattafan da kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da nake samu a kasuwar Mile 12. An ce akwai na kyauta a intanet. In dogara da su, ko in ci bashi in saya? Daga wani uba a Agege.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. Kada ka yi gaggawar cin bashi. Gaskiya aka faɗa maka, kuma ba na sata ba ne. Marubutansu ne suka sake su da lasisin Creative Commons, wato sun yarda kowa ya sauke ya karanta. Jami'ar Rice ta Amurka tana fitar da irinsu tun 2012 da sunan OpenStax, kuma littattafanta kan tsarin jikin ɗan Adam da ƙwayoyin cuta za su taimaka mata sosai a shekarun farko. Ai zuciyar Ba'amurke da ta Bakano aiki ɗaya suke yi.

Inda za a yi hattara shi ne lokacin da ta fara shiga asibiti. Littafin da aka rubuta don ɗaliban Amurka taɓa zazzaɓin cizon sauro kawai yake yi ya wuce, alhali shi za ta riƙa gani kullum a LUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Haka sikila, haka zazzaɓin Lassa, wanda a jihar Borno ta yau aka fara gano shi a 1969. Nan sai ta koma ga ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da na hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa (NCDC), da kuma abin da malaman Afirka suka rubuta. Jami'ar Ghana da ta KNUST a Kumasi da ta Cape Town sun yi aiki tare da Jami'ar Michigan, suka saki darussa da bidiyo na kyauta.

Da ni ne, kwamfutar tafi-da-gidanka mai riƙe caji zan fara saya mata a kasuwar kwamfuta ta Computer Village, don ka san halin wuta a garin nan. Sannan ta tambayi 'yan ajin gaba da ita littafin da malamai suka fi bi wajen jarrabawa. Shi za a saya, ko da na hannu ne.

Tambaya: Ina da shagon hoto-kwafi kusa da makarantar. Zan iya buga waɗannan littattafan in sayar wa ɗalibai?

Amsa: Malam, buɗe shafin farko ka duba haruffan lasisin. In BY kaɗai ka gani, ka buga ka sayar, muddin ba ka cire sunan marubucin ba. In akwai NC, an hana cin riba da shi. ND na nufin ba za ka sauya shi ko ka fassara ka raba ba. SA kuwa, duk abin da ka gina a kansa da irin lasisin za ka sake shi. Kowane littafi da nasa sharaɗin, ko da mawallafinsu ɗaya ne. Wanda aka turo maka ta WhatsApp babu lasisi a jiki kuwa, bar shi, mai yiwuwa na sata ne.