Kafin ka sayi motar da hitarta ta mutu a Kanada

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce takardar makaranta ta fito, kana sa ran sauka Winifeg kafin sanyi ya kankama, kuma wani ya yi maka tayin tsohuwar Golf da arha, aibinta kawai hita ba ta ɗumi kuma ruwa na ɗan raguwa. Ka ce wannan ba komai ba ne, shekara huɗu ka yi a Ƙofar Ruwa, haɗe tiyo biyun da ke kai wa hita ruwa za ka yi, ka tsallake ta ka huta. Kai ne na uku bana da ya zo min da wannan magana, sauran biyun ba su ji ba, don haka ka karanta a tsanake.

A Kano dabarar taku tana ci, don ba mai neman zafi a cikin mota. A nan watan Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Numfashinka kaɗai ya isa ya daskare a jikin gilashin gaba ta ciki cikin 'yan mintuna, kuma iska mai zafi daga hita ce kawai ke share shi. Motar da ba hita makauniya ce a kan titi mai santsin ƙanƙara. Sannan a Manitoba, lardin da Winifeg take, tsohuwar mota ba ta komawa sunanka sai da takardar gwajin lafiya, kuma ana duba wannan iskar ta gilashi. Haɗe tiyo na kai mota gareji ne lokacin zafi, iyakarsa ke nan. Ɗabi'ar cire tamostat (mai daidaita zafin inji) ma ka baro ta a gida. Injin da ba tamostat ba zai taɓa kai zafinsa na kusan digiri 90 a hunturun nan ba, ko sabuwar hita ka sa sanyi za ta hura maka.

Abin da ke ba da ɗumin wani ɗan lagireto ne, girmansa bai wuce littafi mai kauri ba, yana ɓoye cikin akwatin roba a bayan dashbod. Masu kayan mota na ce masa hita-kor. Kada ka yanke masa hukunci sai ka taɓa. Ka tayar da inji ya yi zafi sosai, ka kai hita ƙarshe, ka kama tiyo biyun da suka shige bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. In duka suna ƙuna amma iska na fitowa da sanyi, ƙofar da ke juya iska a cikin akwatin ce ta maƙale, lagireton lafiya lau. In ɗaya zafi ɗaya ɗumi-ɗumi, toshewa ce, kuma sau da yawa wanki na warware ta: ka cire tiyon biyu, ka tura ruwa ta mafita ya fito ta mashiga, a hankali, don ƙarfin famfon gida ya ninka abin da aka yi shi ya ɗauka. In duka biyun ba zafi, ka nemi ƙarancin ruwa, iska a cikin layi, tamostat da ya tsaya a buɗe, ko watafam mai zagaya ruwan inji.

Amma ka ce ruwa na raguwa, nan ne hankalina bai kwanta ba. Ka sa wanda zai duba maka ya ɗaga kafet na gefen fasinja ya shafa soson da ke ƙasa. Danshi mai santsi, ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in an kunna fanka, da wani maiƙo a cikin gilashi wanda tsumma ba ya gogewa sai dai ya baza shi, duk alamar fashewa ce. A tabbatar da famfon gwaji a bakin tankin ruwa, kada a wuce ƙarfin da murfin tankin ke ɗauka, a ga ko allura na sauka. A kuma gwada tof gasket, don in hayaƙin inji na shiga layin ruwa, shi ya fasa tsohon kuma zai fasa sabon. Hodar nan ko ruwan maganin yoyo da ake zubawa a lagireto, kada ka kusance shi. Ramukan hita sun fi na ko'ina ƙanƙanta, su yake fara toshewa.

Kayan ba shi ne tsadar ba, aikin ne. A Volvo 850 ta ƙasan dashbod ake zaro shi, aikin yamma ɗaya. A Golf da Jeep Cherokee da yawancin tsofaffin motoci sai an sauke dashbod gaba ɗaya, awa 6 zuwa 10 ga wanda ya saba. Gareji a nan na cajin sama da dala 100 a awa, ka yi lissafin da kanka. Mai motar ya riga ya yi, shi ya sa ya karya farashi.

In ka dage za ka yi da hannunka, to ji. Ka fara cire kan batir na nagetif ka jira aƙalla minti 3 kafin ka taɓa duk wani soket mai ruwan ɗorawa, na jakar iska ne. In ka ciro jakar ka ajiye ta fuskarta sama. Ka daidaita tayoyi, ka ɗaure sitiyari kada ya juya, don akwai siririyar waya naɗe a bayansa, in ta zarce juyinta ta tsinke ka rasa hon ka kunno fitilar jakar iska. A motoci da yawa akwatin hita haɗe yake da na esi, dole a buɗe layin gas. Sakin gas a iska kamar yadda muka saba laifi ne a Kanada, sai gareji mai lasisi ya zuƙe shi da na'ura.

Ka tsiyaye ruwan cikin roba mai murfi, guba ne mai zaƙi, yaro ko kyanwa na iya lasa. Wajen cire tiyo a bango kada ka murɗa, bututun ciki sirara ne. Ka tsaga tsohon tiyon da reza ka ɓare shi, ka toshe bakin bututun kada ragowar ruwa ya malale kan wayoyi. Kowane soket ka ɗauki hotonsa kafin ka zare, kowane rukunin sukuru leda daban da rubutu. Robar da ta shekara 20 in ta sha sanyi fashewa take kamar ƙwai, saboda haka ba a wannan aiki a waje da hunturu, kuma yawancin gidajen haya sun hana gyara a wurin fakin. Sai ka nemi gareji mai ɗumi tukuna.

Sabon lagireton ka jera shi da tsohon ka gwada tsawon bututu da lanƙwasarsu. Ka liƙa masa sabon soso a gefuna, in ba haka ba iska za ta bi ta gefe ta fito da sanyi, ka yi ta zargin kaya. Sabbin zoben roba, sabbin tiyo da kilif, sabon tamostat. Wurin da masu gaggawa ke faɗuwa shi ne mayar da dashbod kafin gwaji. Ka haɗa tiyo, ka cika ruwa, ka ɗora famfon gwaji minti 15, ka motsa ƙofofin iska ka ga suna tafiya, sannan ka rufe.

Ruwan famfo zalla da muke ɗurawa a gida, a nan dare ɗaya zai daskare ya tsaga bulok ɗin inji. Ana haɗa kulant, ruwan inji mai hana daskarewa, da tataccen ruwa rabi da rabi, yana jurewa har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. A Winifeg gara kashi 60 na kulant, 40 na ruwa. Kada ka zuba shi tsantsa da sunan ƙarin kariya, tsantsar ta fi haɗin saurin daskarewa. Ƙaramar mota na cin lita 5 zuwa 7. Ka bi irin da kamfanin ya rubuta, tsofaffin Golf da yawa kulant mai suna G12 suke sha, kuma kada launi ya ruɗe ka ka gauraya iri biyu, suna iya yin kunun da zai toshe abin da ka sha wahalar sakawa.

Saura fitar da iska daga layin ruwa. Ka ɗaga gaban motar, hita a ƙarshe, murfin tankin ruwa a buɗe, inji na aiki har fanka ta tashi kumfa ya daina fitowa. Ƙofar gareji a buɗe take duk tsawon lokacin, hayaƙin salansa na kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. In kana jin ƙarar ruwa kwal-kwal a bayan dashbod, da sauran iska. Washegari da inji ya huce ka sake duba ruwan ka cika. Kafet ɗin da ya jiƙe a fitar da shi a wanke a busar, in ba haka ba gilashi zai ci gaba da yin hazo.

Ni dai da za ka ji tawa, watannin farko ka hau bas, kuɗin nan ka sayi rigar sanyi ta kirki da takalmi. In kuma motar ta shiga ranka, kada ka tura ko sisi tukuna. Turo min shekararta da lambar bodi da hoton ƙarƙashin kafet ɗin, ni zan je in kama tiyon da hannuna. Ka gaida Baba da su Inna.