Amsa ga Hajiya kan zaman ƙauye a Bavariya

Salamu alaikum. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce yaronki ya samu gurbin koyon aikin jinya a wani ƙauye a Bavariya, jiha a kudancin Jamus, kina tambaya ko akwai kanti da mota. Amma na san abin da ke ranki kaɗaici ne, ko zai samu mutane.

Kanti dai ranar Lahadi a rufe yake, sauran ranaku ma ƙarfe takwas na dare an kulle, don haka cefane ranar Asabar. Bas kuma yawanci lokacin 'yan makaranta take bi, da an yi hutu sai ta yi wuya, ya nemi keke kawai. Cikin kwana 14 da tarewarsa ya je ofishin ƙaramar hukuma ya yi rajistar adireshi, da takardar shaida daga mai gida. In ya yi sakaci akwai tara.

To, mutane. Bajamushen ƙauye ba zai zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, a ƙungiya ake samunsu. Ta ƙwallo, ta masu busa, sannan ta 'yan kwana-kwana, kuma ita nake so ya shiga. Hajiya, ƙauyukan nan ba su da masu kashe gobara na albashi. 'Yan sa kai ne, kusan mutum miliyan ɗaya a faɗin Jamus, da manomi da makaniki da malamin makaranta. An kira 112, lambar gaggawa, na'urar da ke aljihun ɗan sa kai ta yi ƙara, sai ya ajiye aiki ya ruga. Mai aiki ba zai yanke masa albashi ba, ƙaramar hukuma ce ke mayar wa mai aikin da kuɗin. Ba sai ɗan ƙasa ba, shekara 18 ta isa, kaya da horo duk kyauta. Kuma ba gobara kaɗai ba ce, har da hatsarin mota, ruwa ya cika ɗakin ƙasa, bishiya ta tare hanya.

Inda yaranmu ke kuskure, da an gama atisaye sai su kama hanyar gida, wai ana shan giya. Haba! Ai a wannan zaman ake sabawa. Ya ce a ba shi ruwan tuffa, ba wanda zai tsare shi. Tsiran da ake gasawa ne zai yi hattara da shi, yawanci naman alade ne, ya tambaya tukuna. Sai harshe. Jamusancin da ya koya a aji daban, na bakin tsofaffin Bavariya daban, watannin farko zai sha wuya. Ya riƙa cewa "Grüß Gott" ga duk wanda ya gamu da shi a hanya, ko bai san shi ba, don suna lura da wanda ba ya gaisuwa.

 Ki dai ce masa ya tambayi mai gidansa ranar da ake atisaye, ya je ya gaida kwamandan 'yan kwana-kwanan, ya faɗa masa tun farko cewa yana aikin dare wasu makonni.