Kawo abokan makaranta Maiwurno bayan jarrabawa

Ɗan'uwa, ka ce kun gama jarrabawar Shahada ta kammala sakandare a Sudan, kana son kawo abokanka na Wad Madani gida Maiwurno, amma gidanku ba ɗakin baƙi.

Ɗaki ba shi ne matsala ba. A fito da angarib, wato gadajen igiya, tsakar gida ko zaure, kowa da gidan sauronsa, musamman da damina. Abin da samari ke mantawa shi ne izini: Baba ya yi magana da iyayensu ta waya kafin su taso, kuma a tambayi direbobi lafiyar hanya. Kowa ya riƙo katin shaidarsa.

Kada ka ɗora wa Inna girkin biki. Tuwo da miyar kuka, kisra (gurasar dawa marar kauri), da yamma ku je wajen mai agashe (tsire), ya wadatar. Ka kai su gaida dattawa su ji yadda Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin bayan yaƙin Burmi na 1903. Sannan ku leƙa madatsar Sinnar da aka gama a 1925.

Wanka a kogi kuwa, don Allah ka hana, baƙo bai san zurfinsa ba. Wanda zazzaɓi ya kama, a kai shi asibiti a gwada jininsa, kada a saya masa magani a shago.