Miyar dage-dage da naman talo-talo: maganin tauri da tsami

'Yar'uwa, kin ce naman talo-talon yana yi miki tauri, miyar kuma tana tsami. Taurin daga wajen tafasa yake. Talo-talo ya fi kaza ƙarfin nama, musamman fukafukai da cinya, don haka kilo ɗaya yana son kamar minti 40 a matsakaiciyar wuta, da albasa, citta, tafarnuwa, kori, gishiri da dunƙule biyu. In na firiza ne, ki bari ƙanƙarar ta narke tukuna. Ki tsame ki soya sama-sama, romon ki ajiye.

Tsamin kuwa tumatir ne bai soyu ba. Ki markaɗa tumatir shida, tattasai huɗu, attaruhu uku da albasa ɗaya, ki ɗora a wuta har ruwan ya tsotse. Sannan ki juye cikin man gyaɗa mai zafi, ludayi biyu, kina juyawa kamar minti 20, har mai ya taso sama, jan ya yi duhu. Don Allah kada ki jefa kanwa, tana dusashe launin miya. Sai ki zuba romo da naman, ki rage wuta, ki ba su minti 10.