Shin katifa da bargon gashin agwagwa za su karɓu a Tawa?

Wata Hajiya mai shagon kayan ɗaki a Tawa ta rubuto cewa ta ga katifu da barguna na gashin agwagwa a wata tafiya da ta yi, kuma tana son ta zuba sefa miliyan 3 ta shigo da su domin masu haɗa wa 'ya'yansu kayan aure.

Hajiya, shawarata ita ce kada ki ɗaure wannan jari gaba ɗaya a kan hajar da kasuwarta ba ta wuce wata uku a shekara ba. An yi waɗannan kaya ne domin ƙasashen da ruwa ke daskarewa, alhali sanyin hunturu a wurinmu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, kuma da zarar Afrilu ya kama zafi yakan haura digiri 40 a Tawa, lokacin da mutane ke fitar da tabarma tsakar gida. Katifar gashi kuwa riƙe ɗumin jiki ne aikinta, saboda haka ita ce za ta fi daɗewa a shago tana shan ƙura, kuɗinki na kwance.

Inda nake ganin riba shi ne matashin kai da bargo marar nauyi, kuma masu sayensu su ne otal-otal da gidajen da ke kwana da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda suka fi yawa a Yamai. Ki sayo samfuri kaɗan, ki nuna, ki karɓi kafin alƙalami, sannan ki yi oda. Ki kuma lissafa kuɗin dako da na duwan tun kafin ki sa farashi, domin tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke biyowa, hanya ta ƙara tsawo da tsada.

Wajen saye, ki duba takardar da ke jikin kayan. Kalmar “duvet” a Faransanci tana nufin lallausan gashin ƙirji da ciki wanda ba shi da tsinke, shi ne mai tsada. “Plumes” kuwa gashi ne mai tsinke, mai araha, wanda kan huda ƙyalle ya soki mai barci. Akasarin gashin duniya daga Sin yake fitowa, na dinyar Hungari da Polan kuma ya yi suna da tsada, don haka idan aka ce miki na Hungari ne a farashin bargon roba, ki yi shakka. Ki matse shi ki saki, mai kyau yana kumbura nan take. Ki shinshina, domin wanda ba a wanke da kyau ba yana ƙarni.

Sauran jarin ki bar shi a bargunan da aka saba da matasan audugar rimi, waɗanda uwayen amare ke tambaya rani da damina.